Yadda Na Rufe Shagon Mai Kaset

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Ga ta nan tafe, sai dai wannan ba a bakin kakata na tsince ta ba. A kaina aka yi ta, a nan Haɗeja, kuma waɗanda suka gani da idonsu ba su gama mutuwa ba.

Ni dillaliya ce. Tun maigidana yana da rai nake ɗora kaya a ka ina shiga gidajen da namiji ba ya wuce zaure: atamfa, turaren wuta, kwanukan samira, kayan ɗakin wadda za ta aurar da 'ya. Ranar kasuwar Malam Madori ina can. Ranar ta Guri ina can, in ruwa ya cika ya yanke hanya in shiga kwalekwale da ƙullin kayana a cinya. Iyayena mutanen gabas ne, daga bakin Tafkin Chadi kakanninmu suka taso, kuma an ce mutanen can ba su da saurin mantuwa. Ban taɓa musa wannan ba.

Maigidana masunci ne, yana kuma noman shinkafa a fadama. Yana da wani amini, tun suna samari suke hawa gora tare, wato ƙaton duman nan da ake iyo a kansa, suna jefa komar kamun kifi. Daga baya aminin nan ya bar ruwa, ya kama kasuwa, Allah ya buɗa masa, ya je Makka ya dawo, muka shiga ce masa Alhaji. Da maigidana ya rasu, shi ya riƙe kan makara. Shi ya tsaya a zaurenmu ranar sadakar uku ya ce wa jama'a daga yau shi ne uban marayan nan. Kowa ya ce madalla da amini.

Da zamanin kaset ya zo, wato fim ɗin Hausa da ake sawa a bidiyo a kalla a talabijin, Alhaji ne ya fara buɗe shagonsa a bakin kasuwa. Daga Kano ake kawo masa kaya a mota. Ƙananan masu talla na ƙauyuka su zo su sara a wurinsa su tafi. Maza su tsaya a ƙofar shagon su kalli hotunan kwali, wani ya saya, wani ya yi haya. Amma masu kallon fim na gaskiya mata ne, su kuwa ba sa zuwa kasuwa. Sai ya kira ni ya ce tunda ƙafata ta san kowane gida, in haɗa da kaset a cikin kayana, ya riƙa ba ni la'ada. Na ce to.

Ga yadda muke yi. Duk ranar da sabon kaya ya sauka, sai in tafi gidansa, matarsa ta tayar da janareta, mu zauna ni da ita mu kalla kafin kowa ya gani a garin nan. Washegari in ɗauka in shiga gidaje. Ni kuwa tun ina yarinya Allah ya hore mini baki. In na zauna a kan tabarma na kwance ƙulli, ba na cewa ku saya. Labarin nake farawa. In kawo su har inda maraya ya ɗaga murfin akwatin ubansa, ko inda alƙali ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai in ce wai, rana ta yi, bari in tashi kada azahar ta same ni a hanya. Su riƙe mini zane, su yi ta roƙo. In ce ai ga shi nan a kaset, ku gani da idonku ya fi. Ba a yi gidan da na fita da kaset ɗin da na shiga da shi ba, in dai akwai bidiyo ko a maƙwabta. Alhaji har yakan tambaye ni wanne zai ƙaro daga Kano, wanne zai bari, don ni ke jin numfashin mata.

To, ina da ɗa. Ɗan fari ne, ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa, ko ciwo yake yi a gaban mutane sai ta kau da kai kamar ɗan wata ne. A hannun kakarsa ya tashi, Yaya ma yake ce mini. Yaron nan ya koyi ɗaukar bidiyo, yana bin biki da suna da saukar karatu da kyamara a kafaɗa. Ya yi aure, matarsa ta haifi mace. Muna zaune lafiya.

Wata rana ya aiko ƙanwar ubansa ta faɗa mini, don shi ba zai iya tarata da maganar ba, cewa zai sayar da rabonsa na fadama da san noman da ya gada, zai yi fim. Wai ya gaji da ganin falo da kujerun Kano a talabijin, kamar Allah bai halicci ruwa ba. Yana so ya yi na mutanen kogi, labarin gida biyu na masunta da suka yi rigima a kan wani tafki. Na ce mata abinsa ne. A raina kuwa na ji tsoro, na kuma ji daɗi, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ya tara abokansa, masunta na gaskiya da 'yan wasan dandali na garin nan. Suka yi ta shiga ruwa da kyamara naɗe a leda, sauro yana cinsu a cikin ciyawar kacalla. Ya aiko aka ari turmina da tsohuwar gorar ubansa da ke rataye a ɗakina. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ina ganinsa ta gefen ido, in sa a kai masa burabusko da miyar kifi in ce daga maƙwabta ne.

Da ya gama sai ya ɗauka ya tafi Kano wurin manyan 'yan kasuwar fim, don duk abin da bai bi ta hannunsu ba ba ya kai ko'ina. Suka juya shi kamar waina. Wannan ya ce fuskar wa za a sa a kwali, duk ba wanda aka sani. Wancan ya ce Hausar mutanen gabas ce, dariya za a yi. Wani ya ce babu rawa, mata ba za su saya ba, shi da bai taɓa zama da mata a tsakar gida ya ji abin da suke so ba. Daga ƙarshe ɗaya ya yarda, amma yaron nan ne zai buga kwalaye da kuɗinsa. Suka sa rana bayan kaka, in an sayar da shinkafa aljihu ya yi nauyi, a sake shi a Kano da ko'ina a rana ɗaya. Ya bar musu uwar kaset, wadda daga jikinta ake kwafar sauran, ya dawo gida da guda ɗaya tak, tas da ita.

Nan ne ya yi abin da aka koya masa. A wurin masu ruwa, kamun farko ba ya zuwa kasuwa, wurin uba ake kai shi ya sa albarka. Damin farko na shinkafa ma haka. Ubansa yana ƙasa, sai ya ɗauki kaset ɗin nan ya tafi gidan Alhaji, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce Baba ga nunan fari. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya dafa kansa, ya yi addu'a mai tsawo. Matar Alhaji ce ta ba ni wannan labari.

A bayan shagon Alhaji akwai wani ɗaki da bidiyoyi jere, an haɗa su da waya, suna kwafa dare da rana. Kowa ya san da ɗakin. Yaron nan ma ya sani.

Shinkafa ba ta gama nuna ba aka aiko mini cewa sabon kaya ya sauka. Na tafi, na zauna inda na saba. Kwalin da matar Alhaji ta ajiye a gabana ɗauke yake da hotunan wasu 'yan wasan Kano da kowa ya sani, da wani suna daban. Ta sa kaset. Hoto ya fito babu sallama, an yanke farkon inda ake nuna sunayen masu abin. Na ga ruwa. Na ga bakin gaɓar da nake hawa kwalekwale. Sai ga wata yarinya tana daka a turmina, mai tsaguwar nan a baki, ga wani ya rungume gorar maigidana ya faɗa kogi. Matar Alhaji ta sunkuyar da kai, ba ta ɗago ba har aka gama. Ni kuwa na kalle shi har ƙarshe. Wallahi yaron nan ya iya. Inda tsofaffin gida biyun suka haɗu a tsakiyar ruwa kowa ya kasa kallon ɗan'uwansa, ban taɓa ganin irinsa a kayan Kano ba. Na tashi, na yi mata sai anjima, na karɓi nawa kason kamar kullum, na tura shi ƙarƙashin atamfofi. Shi kaɗai ne kaset ɗin da ban taɓa fitarwa a gidan kowa ba.

Amma ni kaɗai ce ban fitar ba. Kafin in gani, ya riga ya kai Guri, ya kai Birniwa, ya haye har Nguru da Gashuwa a hannun masu sari, a farashin banza. Labari ya kai Kano cewa abin ya riga ya cika kasuwar gabas, wadda dama ita aka sa rai za ta saye shi. Mutumin Kano ya ɗaure kwalayen yaron nan a buhu ya sa a mota aka dawo masa da su. Waɗanda suka saya kuwa don fuskokin da ke kan kwali, da suka ga ɗan maƙwabcinsu mai gyaran koma ne a ciki, sai suka ce an damfare su. Kuma ba Alhaji suka zaga ba. Yaron nan suka sa a gaba. In ya wuce majalisa a ce ga darakta mai ƙarnin kifi.

Ya je shagon da rana tsaka, kasuwa tana ci. Waɗanda ke wurin sun ce bai ɗaga murya ba, har a lokacin Baba yake cewa. Ya tambaya me ya sa. Alhaji yana tauna goro, ya dubi jama'a, ya ce:

"Kyauta ka kawo mini ko ajiya? Wanda aka ba kyautar kifi, sai an faɗa masa ya dafa ko ya sayar?"

Aka yi dariya. A nan ƙofar shagon yaron nan ya rantse da Allah cewa ba zai sake shan ruwan Haɗeja ba muddin ana buɗe wannan ƙofa.

Da ya zo yi mini sallama ina sheƙar shinkafa a tsakar gida. Ya durƙusa can nesa, ya ce Yaya zan tafi wurin kawunnaina a bakin tafki. Ban ajiye faifan da ke hannuna ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya, kamar yadda ake faɗa wa baƙo. Bayan ɗan lokaci ya aiko aka tafi da matarsa da 'yar. Limamin unguwa ya aika masa cewa rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai ko ya yi azumi ya dawo gida. Ya aiko da amsa cewa ya sani, ba ya so. Jinin mutanen gabas ne.

Washegarin tafiyarsa na je shago ɗaukar kaya. Alhaji ya ƙura wa fuskata ido yana neman abu. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa. Ya ce Uwargida kin ji abin da yaronku ya yi? Na ce yara ai sai haƙuri. Ya saki numfashi. Daga baya na ji yana faɗa a majalisa cewa ita kanta uwar ta san wautar yaron ce, ko uffan ba ta ce ba. Mutum ya tsufa a cikinmu, ya ga yadda tasa uwar ta yi da yayansa, amma son zuciya ya sa ya ɗauki kunya a kan rashin ciwo. Na bar shi a haka.

Abu ɗaya na sani: ƙofar nan ce tsakanina da ɗana da jikata. In ta rufe za su dawo. In ba ta rufe ba, sai dai a aika musu da labarin mutuwata. Ban da kuɗin da zan ja da Alhaji, ban da namiji tsayayye a gida, kuma ba zan je wurin boka in sayar da lahirata a kansa ba. Na yi ta tunani ina tafiya a kan hanyoyin da na saba. A cikin kwalekwale dabarar ta zo mini, muna ratsa kacalla, wata mata tana roƙona in ƙarasa mata labarin wani fim da na bari a rataye tun wancan makon. Na buɗe baki zan ce ki gani a kaset. Sai na rufe. Sai na sake buɗewa, na ƙarasa mata tas, har wanda ya mutu da wanda aka ɗaure. Ta ce kai, ashe haka aka yi. Na ce ga kaset ɗin ko za ki karɓa. Ta ce a'a Iya, ai na riga na ji, kuɗin na sayi manja.

Daga ranar ban sake tashi a tsakiyar labari ba. In na shiga gida in shimfiɗa shi tun daga tushe. In yi muryar tsoho, in yi ta yarinya, in rera musu waƙar ciki gwargwadon iyawata, in kai su har inda aka rubuta alhamdulillahi. Mata su yi kuka su yi dariya, su kawo mini fura, su sayi turare, su sayi ɗankwali. In na ɗaga kaset su ce bari sai wani ya zo. Wadda ta ji a gidan nan ta kai gidan biki, ta gidan biki ta kai wurin kitso. Ranar kasuwa in zauna da 'yan'uwana dillalai na Guri da Malam Madori a ƙarƙashin inuwa, in zuba musu, su kuwa dillalai cikinsu ba ya riƙe magana. Labari ba ya jiran mota, ba ya jiran ruwa ya janye. Kafin buhun mai sari ya isa ƙauye, yaran ƙauyen sun san ƙarshen abin da ke ciki.

Da yamma in mayar wa Alhaji kayansa cif, in ce yau kasuwa ba ta yi ba. Ban ci masa ko ƙwandala ba. Ban yi masa ƙarya ba. In ya tambaye ni wanne ya fi daɗi a cikin sababbin, in faɗa masa tsakanina da Allah, ya ƙaro shi da yawa, ni kuma shi nake fara kashewa, don mai daɗi ya fi daɗin faɗa. La'adata ta mutu, na koma cin tuwo da miyar kuka ba kifi, ban damu ba.

Ba a kwana ɗaya aka yi ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Alhaji ya ce 'yan Kano sun daina fim mai kyau. Ya ce mata sun talauce. Ya ce maƙiya ne, ya sa aka yi masa rubutu aka yayyafa a ƙofar shago, ni ina tsaye ina cewa amin. Kaset kuwa ba ya son zama. A garin ruwa irin namu, in ya kwana damina a kan kanta sai fumfuna ta kama zaren, ya yi fari, in an sa a bidiyo hoto ya riƙa tsalle. Na ga kantocinsa suna cika, na ga ya fara jera kwalaye a ƙasa. Masu sari na ƙauye suka fara dawo masa da kaya, wasu suka daina zuwa. Duk ranar da na ga haka sai in ji abinci ya zauna mini a ciki. Daga bakin tafki kuwa direbobin motar kifi banda suna kawo mini labari: an yi wa yaron nan haihuwa, namiji. An sake yi, mace. Ban ga ko ɗaya ba. Kowace haihuwa sai in ƙara gida a cikin zagayena.

Shekarar da ƙaramar Sallah ta faɗo cikin cikar ruwa, Alhaji ya ga in bai yi babban kamu ba ya nutse. Akwai wani fim da ake ta maganarsa a rediyo, kashi biyu ne, na ɗaya da na biyu. Al'adarsu ita ce a saki na ɗaya ranar Sallah, a bar mutane da ƙishirwa, sai bayan kwanaki a saki na biyu, wanda shi ne ribar. Alhaji ya sayar da shanunsa da ke wurin Fulani, ya tafi Kano ya ɗauko mota guda, na ɗaya da na biyu duka. Ya ɓoye na biyu a ɗakin matarsa. Ana sauran kwanaki a sha ruwan ƙarshe aka aiko mini. Matar Alhaji ta sa mana na ɗaya. Da ya ƙare ta dube ni. Ba a ce ta sa na biyu ba. Ta tashi ta kwance buhu da hannunta, ta sa. Har ta bar duniya ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Kwanakin nan ban zauna ba. Da azumi a bakina na zaga garin nan lungu-lungu, gidan kitso, gidan lalle, gidan ɗinki, duk inda mata suka taru don shirin Sallah. Maƙogwarona ya bushe har muryata ta dushe. Na hau kwalekwale na je Guri na dawo.

Na ɗaya ya ɗan motsa. Na biyu ko kare bai shinshina ba. Alhaji da kansa ya ɗauki buhu ya shiga kwalekwale zai kai Guri, tunda masu sari sun ƙi zuwa. A cikin kwalekwalen nan, yana zaune a kan buhun da ko ɗaurinsa ba a kwance ba, ya ji mata biyu suna gardama a kan ko hukuncin da aka yi wa wani kawun marayu a ƙarshen na biyu ya yi daidai. Ya tambaye su a ina suka gani. Suka ce ba su gani ba, dillaliyar nan ta Haɗeja ce ta faɗa musu, ai ita kullum tana faɗa, ta fi bidiyon ma.

Bayan la'asar ya yi sallama a zaurena, ƙafar wandonsa duk taɓo. Na fito na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya tambaya tun yaushe. Na ce tun shekarar da aka yi abin da aka yi. Ya ce shi ya amince da ni, ya buɗe mini ɗakin matarsa, ya nuna mini kayansa kafin kowa. Na ce haka ne, an nuna mini, kuma ba a ce ajiya ba ce. Sannan ya ce:

"Amma Uwargida, ba ki taɓa cewa komai ba. Kullum kina gaishe ni."

Na ce, "Ɗan fari ne, Alhaji. A bakina kake so ka ji?"

Ya kai ƙarata wurin mai unguwa. Mai unguwa ya tambaye shi ko na sace masa kaya, ya ce a'a. Ko na rage masa kuɗi, ya ce a'a. Ko na yi wa fim ɗin ƙarya, ya ce a'a, daidai take faɗa. Mai unguwa ya ce shi dai tun da ya gaji kujerar nan bai ji inda aka hana tsohuwa ba da labari ba, amma in Alhaji yana so a buɗe maganar fitar da abu kafin ranarsa, to a buɗe ta tun daga farko. Alhaji ya ɗauki takalmansa.

Wasu sun ce zamani ne ya rufe shagon, don a lokacin faifan CD ya fara korar kaset. Su faɗi abin da suke so. Sauran masu shaguna sun juya zuwa faifai sun ci gaba da cin abincinsu. Shi kaɗai ne ba shi da abin juyawa, jarinsa yana kwance a buhu yana fumfuna, mutanen Kano kuma suka daina amsa sallamarsa. Wasu sun ce na cuci masu fim na Kano da ba su san hawa ba. Su ne suka tambayi ɗana fuskar wa za a sa a kwali. Rama cuta ga macuci ibada ne, haka na ji manya suna faɗa.

Kafin babbar Sallah aka sa kwaɗo a ƙofar. Na je na tsaya da kaina na ga ana cire allon, na ga ana kwashe kaset a baro ana zubarwa a bayan kasuwa, yara suna jan zaren suna ɗaura wa kara. Daga can na wuce tasha, na sami direban motar banda, na ce in ya isa bakin tafki ya faɗa wa mutumin nan an rufe.

Da ruwa ya janye aka fara shuka alkama, wata safiya ina wanke-wanke aka yi sallama. Ga wani mutum baƙi ƙirin, da furfura a gemu, ga mace a bayansa, ga yara suna leƙe ta gefen zanenta. Ya durƙusa can nesa, ya ce Yaya mun same ku lafiya. Na ajiye kwanon da ke hannuna. Na dubi matar, na ce ga randa can, a ba baƙon nan ruwa. Ya karɓi moɗar ya shanye, ya sake miƙawa. Yaran kuwa ba kunya tsakanina da su, na jawo su duka na danne a jikina har ƙaramar ta fara kuka.

Yaron nan bai sake taɓa kyamara ba. Yana sayar da kifi banda a kasuwa, ya sayi 'yar gona a fadama, ba wadda ya gada ba, wata can ciki da kacalla ke ci. In aka kunna fim a gida tashi yake ya fita. Fim ɗinsa ko kwafi ɗaya ba a samu ba yanzu, mun nema. Babbar jikata ta yi aure a Malam Madori, a waya take kallon nata fina-finan, ana tura mata a shagon caji, ba mai sallama ba dillaliya. Matar Alhaji ta rasu, na je na yi mata wanka da hannuna, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mai unguwa ma ya rasu, ɗansa ne a kai. Shagon yanzu taki da maganin feshi ake sayarwa a ciki. Alhaji yana nan da rai, idonsa ya tafi, 'ya'yansa ke ciyar da shi, yana zama a dakalin ƙofar gida. Sau da dama ya aiko a roƙe ni gafara, har liman ya sa baki. Na ce a faɗa masa wanda aka yi wa laifin yana kasuwar kifi, in ya yafe nasa shi ya sani, nawa kuwa na shekarun da ban ga jikokina ba yana nan, sai mun tsaya gaban Mai kowa. Ni kuma gwiwa ta hana ni yawo, na ajiye ƙulli. In na bi ta ƙofarsa zuwa asibiti nakan tsaya in gaishe shi, in tambayi iyali, in tambayi jiki. Yana gane muryata, ba ya amsawa.